Ranar da Aka Kaɗa Taken Babana a Katun

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da ku mazan da kuke laɓewa ku karanta sannan ku ce ba ruwanku da labaran soyayya, duk na gan ku. Ni ce Fiddausi ta Talata Mafara. Yau ku gyara zama da kyau, domin abin da ya same ni ranar Asabar ɗin nan, har yanzu bai fita raina ba. Waɗanda suka shigo yau kuma kada ku damu, zan ɗan koma baya saboda ku.

Ni malamar aji biyu ce a wata firamare cikin garin nan. Duk ranar Alhamis nakan yi wa yarana tatsuniya, in yi muryar tsohuwa, in yi ta akuya, in yi ta yarinya mai tsiwa, wadda ita ce ba na shan wahalar yi. Wata ƙawata ta ɗauke ni a waya ban sani ba, ta jefa a guruf, wannan guruf ya jefa wa wancan, har abin ya faɗa kunnen wani bawan Allah mai suna Lauwali. Iyayensa mutanen Bakura ne, amma a Zariya aka haife shi, can ya girma, Hausarsa ma ta can ce. Sana'arsa zana katun a kwamfuta, irin wanda yara ke manne wa talabijin saboda shi.

Saƙonsa na farko har yau ban goge ba: "Malama, shekara biyu ina neman muryar Taibatu, ashe tana Mafara tana koyar da aji biyu."

Na ce masa wace ce kuma Taibatu, ni ban san ta ba. Sai ya turo mini hotonta. Jama'a! Wata 'yar yarinya baƙa wuluk, da tsagar Zamfarawa a kumatu, da kitson da ya fara tsufa, ta ɗaura zani sama da gwiwa, ta riƙe ƙugu. Tunda nake kallon katun ban taɓa ganin yarinya mai kama da ɗiyan unguwarmu ba sai ranar. Na daɗe ina kallon hoton nan ina dariya ni kaɗai.

Labarin kuwa, Taibatu ɗiyar manoma ce daga Morai, aka sace mata ɗan maraƙin da ta rena, ta tashi nemansa ita da abokanta. Akwai Buba ɗan makiyaya, wanda yake gane sawun kowace dabba. Akwai Nasidi ɗan masunta daga Maradun, shan-inna ta taɓa masa ƙafa, da sanda yake dogarawa, amma in ya shiga jirgin ruwa ba mai kamo shi. Sai Lailatu, zabiya daga Bakura mai ƙatuwar malafa, ita ce mai wayon cikinsu. Har da wata Nkechi, ɗiyar mai shagon magani, wadda ta fi su duka iya ciniki. Lauwali in yana maganar su sai ka rantse 'ya'yan cikinsa ne.

"Burina ɗaya ne, Fiddausi," haka yake yawan faɗa. "Kada wani yaro a Zamfara ya kalli fim ɗin nan ya fita bai ga kansa ba."

Ya ce mini har Mafara ya taɓa zuwa bara, ranar kasuwa, ya yi ta yawo da waya yana ɗaukar kukan shanu da hayaniyar mutane da kaɗe-kaɗe, don komai na fim ɗin ya zama namu. Ni kuma aikina, ya turo mini maganganun Taibatu a rubuce, in shige cikin ɗaki in lulluɓa da bargo don kada kukan kaji ya shiga, in karanta in tura masa. Mugun da ke cikin labarin, wanda ya sace maraƙin, a takarda sunansa Ɗan Duhu. Ban taɓa ganin hotonsa ba, ban kuma tambaya ba. Ɓarawo dai ai ɓarawo ne, haka na ɗauka.

To daga "sake wannan layin, kin yi sauri" muka koma "kin ci abinci?" Daga nan kuma sai abin da kuka sani. Wata takwas ke nan. Sau biyu ya zo ya gan ni, duka a ƙofar makaranta. Dogo ne siriri, da tabarau, in zai yi dariya sai ya fara rufe ido. Ina son shi, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Ina son shi sosai.

Ga inda matsalar take, kuma kada wadda ta zage ni sai ta ji ƙarshe. Mu mahauta ne. Rundawa ake ce mana a nan, namiji barunje. Babana Ɗayyabu, wanda duk Mafara ta fi sani da Gajere, shekara talatin da wani abu yana riƙe da teburinsa a layin 'yan nama. Tsakar gidanmu kullum da kilishi a shanye bisa gadajen kara, Inna Mariya kuma tukunyar langaɓunta, farfesun kai da ƙafa, ba ta sauka. A cikin wannan ƙamshi na tashi, kuma ban san abin kunya ba ne sai da na je kwaleji. Wata 'yar ɗakinmu ta taɓa ɗaga gyalena da yatsa biyu ta ce ƙarnin jini yake, alhali ranar na wanke shi. Wani da ya neme ni shekara guda cur, ranar da gwaggonsa ta ji gidan da na fito, ko sallama bai yi mini ba. Tun daga lokacin na daina bi ta layin 'yan nama, shekara shida ke nan, in an aike ni sai in zagaya ta wajen masu tumatir.

Saboda haka da Lauwali ya tambaye ni sana'ar Baba, sai bakina ya riga ni: "Dillalin shanu ne." Na ce a raina ai ba ƙarya ce tsantsa ba, yana sayen shanu. Zan gyara maganar gobe. Goben nan ce ta kai wata takwas.

Ranar Juma'a da la'asar ina zaune ina cire lallen ƙafata, Inna tana dama labun kilishi, yayata Suwaiba ta zo wuni da goyonta. Inna ba ta ko ɗago kai ba ta jefo mini tambaya.

"Fiddausi, wanga yaro naki mai zane-zane, ya san gidan da kinka hito?"

"Ya san ni 'yar Mafara ce mana, Inna."

"Ba shi nit tambaye ki ba."

Yaya Suwaiba ta kwashe da dariya har goyonta ya farka. "Inna, ba ki ga ko zaure ba ta bari ya tako ba? Ƙohwar makaranta ta zama zauren gidanmu. Malama Fiddausi, ɗiyar babban dillali!"

Ashe ta taɓa jin ina faɗa a waya. Na zare mata ido, ta zare mini nata, wanda ya fi nawa girma.

"Ni dai na hwaɗa maki," in ji Inna, tana sharce ludayi a bakin kwano. "In da gaske shika yi, shi turo manyanshi su san mu, mu san su. In gudu za shi yi, shi gudu tun yanzu, ba sai kin sa rai ba. Na gaji da ganin ɗiyata tana kuka bayan ɗaki."

Na buɗe baki zan kare kaina ke nan sai ga sallamar Baba. Ya shigo da fara'arsa, hula a ƙeya, yana goge hannu da ƙyalle.

"Ina tauraruwar? An ce mani gobe za a nuna ki a majigi!"

"Ba ni ba ce, Baba, muryata ce kawai. Kuma abin yara ne, ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Abin yara? Ɗiyata na magana cikin majigi ki ce in zamna kasuwa? Na hwaɗa ma dukan layi, gobe da hantsi muna ruhe teburi. Har Nagode na gayyato."

Nagode shi ne makaɗin kalangun rundawa, tare suka tashi da Baba. Wato layin 'yan nama kaf zai zo kallon katun. Yaya Suwaiba ta dube ni ta gefen ido tana cizon leɓe. Ni kuwa murna da tsoro suka haɗu suka cushe mini a ƙirji, na rasa wanda zan fara ji.

Kafin magariba saƙon Lauwali ya shigo: "Na iso Gusau lafiya. Gobe Mafara, jibi Bakura, gata Maradun. Amma ni duk ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. In an tashi daga kallo zan gaida Baba. Wannan karon ba ki da hanyar gudu." Ya haɗa da 'yar fuskar nan mai rufe ido. Na rubuta "Akwai maganar da nake so in gaya maka", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "Allah ya kai mu."

Asabar tun da safe na hau shiri. Atamfata ruwan ganye mai zanen ganga na ɗauko, ɗinkin doguwar riga mai tattara a hannu, na kafa ɗauri sau uku kafin ya zauna yadda nake so. Kwalli, ɗan jan baki kaɗan don kada Inna ta yi magana, farin gyale, humrar da nake ɓoyo tun bikin Yaya Suwaiba. Da Baba ya fito kuwa sai da na ce masha Allah. Farar shadda 'yar ciki da malum-malum, hula kube, takalmi sau ciki yana ƙyalli. Wata muguwar zuciya ta raɗa mini cewa a haka ai ba mai cewa ba dillali ba ne. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

A babban ɗakin taro na wata makaranta aka shirya abin, ƙarfe sha ɗaya na safe. An toshe tagogi da barguna da tabarmi, an kafa farin ƙyalle a bango, janareta na ta ruri a waje. Yara kuwa kamar an yi shela a duk unguwannin garin, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a cinyar wasu. Na hango Lauwali can baya wajen na'urarsa, cikin shuɗin yadi, gumi ya jiƙa masa goshi, ya toshe kunnuwa da abin sauraro yana ta fama da wayoyi. Ya ɗago ya gan ni, ya dafa ƙirji ya yi kamar zai faɗi. Na harare shi, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Sai da aka kashe fitila su Baba suka shigo, su wajen ashirin, kowa cikin kayan Juma'arsa, aka ba su kujerun gefe. 'Ya'yansu da jikokinsu tuni suna can gaba cikin yara. Na zauna a layin mata kusa da Yaya Suwaiba, na ce a raina in an gama zan ja Lauwali gefe in faɗa masa komai kafin su gaisa. Minti biyu ya ishe ni.

Aka fara. Wayyo daɗi! Gonar gero ta bayyana, ga rumbuna, ga wata mata tana sussuka, sai ga Taibatu ta fito da gudu tana ƙwala kira da muryata: "Wa ya ga maraƙina? Ku hwaɗa mani tun ban tada garin ga ba!" Ɗakin nan ya ɗauka gaba ɗaya. Yaran ajina suka miƙe suna tsalle, "Malama ta! Wallahi Malama ta!" Daga gefe na jiyo muryar Baba ta fi ta kowa: "Ku ji ta! Haka taka yi man in na hana ta zance!" Rundawa suka bushe da dariya, ni kuma na cusa fuska cikin gyale.

Da Buba ya tsuguna yana karanta sawu a ƙasa, wasu 'yan Fulani biyu da suka kawo nono suka tsaya a bakin ƙofa suka manta da ƙwaryarsu. Da Nasidi ya jefar da sandarsa cikin jirgi ya kama tuƙi, ruwa na watsuwa, ihu har sai da wani malami ya daka tsawa. Amma Lailatu ce ta sa ni hawaye. Akwai wata yarinya zabiya a aji huɗu, ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, kullum tana lungu. Da Lailatu ta gyara malafarta ta tsara wa abokanta dabarar tsallake kogi, sai na ga yaran da ke kusa da yarinyar nan suna taɓa ta suna cewa, "Ke ta! Ke ta mai wayon!" Ita kuwa ta miƙe zaune sosai, tana murmushi da dukkan haƙoranta. Na waiga baya na dubi Lauwali. A raina na ce, wannan mutumin ko duniya za ta taru ni shi nake so.

Su Taibatu suka bi sawu har kasuwa. Hoton ya yi duhu kaɗan. Sai kalangu ya tashi.

Bugu uku kawai aka yi na ji tsigar jikina ta tashi. Ku da ba ku tashi cikin rundawa ba, bari in gaya muku. Kowane babban mahauci yana da takensa, kiɗan da nasa ne shi kaɗai. In ka ji shi da safiyar kasuwa, ka san wane ya kayar da sa mai ƙiba, mata su fara aika yara da kwano. Na Baba, mahaifin Nagode ne ya yi masa shi ranar da ya hau ƙahon wani bajimi yana sabon ango. Kalangun cewa yake, "Gajere mijin Mariya, bajimi ya gan ka ya kwanta." Ko cikin barci aka kaɗa shi na san shi. Kuma ɗan rundawa ba ya jin takensa yana zaune.

Baba ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun dama ya dunƙule. Nagode ya yi tsalle daga kujera yana ihu, "Hannuna na! Wallahi hannuna na, ni nik kaɗa shi!" Rundawa suka tashi gaba ɗaya, "Gajere! Sai kai, na Mariya!" Mata suka rangaɗa guɗa. Kowa ya ɗauka karramawa ce aka shirya wa uban Malama. Ni kaina na ɗauka Lauwali ya gano ne ya yi mini bazata, har na fara kukan daɗi.

Sai Ɗan Duhu ya fito daga bayan rumfa.

Mahauci ne. Ƙaton ciki, riga duk jini, jajayen haƙora, ƙudaje na bin shi kamar hayaƙi. Hannu ɗaya wuƙa, ɗayan yana jan maraƙin Taibatu da igiya, yana wata irin dariya. Duk takun da zai yi, taken Baba ne ke raka shi. Muryata kuma, muryata ni Fiddausi, ta fito daga lasifika tana cewa, "Ga shi nan! Ga ɓarawon!"

Yara ba su san komai ba. Suka ɗauka da waƙa suna tafi: "Barunje ɓarawo! Barunje ɓarawo!" Na ga wasu sun juya suna nuna 'ya'yan rundawan da ke zaune a gaba. Ɗiyar ƙanen Baba, 'yar shekara bakwai, wadda ɗazu ta fi kowa tsalle, ta sunkuyar da kai ta rufe kunnuwa.

Baba yana nan tsaye, hannunsa a sama. Ya sauke shi a hankali. Ya gyara malum-malum ɗinsa ya nufi ƙofa, rundawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yaya Suwaiba ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. "Kin gani ko?" kawai ta ce.

Lauwali ya tsayar da fim ɗin, ya cire abin kunnensa ya bi su da gudu. Ni ma na tashi na bi su. Na tarar da su a gindin wata bishiyar bedi a filin makarantar, rana ta take, sun kewaye shi. Na tsaya daga baya-baya.

"Don Allah ku yi haƙuri, me ya faru? Wani abu na yi?"

Nagode ne ya amsa. "Yaro, ina ka samo kiɗin ga?"

"A kasuwar nan, bara. Na ji yana da daɗi, yana da ƙarfi, na ɗauka a waya."

"Ka ji shina da daɗi! Ka tambayi ko na wa na? Kiɗin ga suna na, sunan mutumin ga da ka gani tsaye. Ka ɗauki sunan dattijo ka liƙa ma ɓarawo, gaban ɗiyanshi da jikokinshi!"

Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Kuma wane barunje ka taɓa gani ya sayi dabba ba shaida? Ko wuƙar ma ba haka aka riƙonta ba!"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Muryarsa a kwance take, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Samari, aikinka ya yi kyau, ba ni hana ka gaskiyarka. Na ga ɗan Hilani, na ga ɗan masunta, na ga zabiya, kowa ka ba shi mutunci. Na ji daɗi ƙwarai. To mu ma muna da ɗiya cikin ɗakin can. In sun koma makaranta ranar Litinin, su wa za su ce su na?"

Lauwali ya cire tabarau. Na ga idonsa ya kaɗa. "Wallahi Baba ban yi tunani ba. Na zauna na lissafa kowa da kowa, ku ne ban lissafa ba. Ina neman wanda yara za su ji tsoro, sai na ce mai wuƙa. Ba zan kai shi Bakura a haka ba, ko zai ɗauke ni shekara sai na sake shi."

Sai ya hango ni. Fuskarsa ta ɗan saki kamar wanda ya ga ɗan'uwa a baƙon gari.

"Yauwa, Fiddausi! Zo don Allah ki taya ni ba dattijon nan haƙuri. Ina Babanki, ya iso? Tunda dillalin shanu ne ai duk ya san su, ya sa mana baki."

'Yan uwa, nan ƙaryata ta ƙare. Har janareta sai na ji kamar ya yi nisa. Mutum ashirin suka juyo suna kallona. Baba ya dube ni. Ya dubi atamfata, ya dubi ɗaurin da na kafa sau uku, ya dawo kan fuskata.

"Haka tac ce ma? Dillalin shanu?"

"E, Baba. Ka san shi?"

Baba ya ɗan yi murmushi. "Na san shi. Mutumin kirki na. Yau dai bai samu zuwa ba, ya tahi Bakura sayen shanu."

Ba wanda ya musa. Nagode ya sunkuyar da kai, sauran rundawan kowa ya kama kallon takalminsa. Mutumin da ko a gaban waye bai taɓa jin takensa ya zauna ba, yau shi ne ya tsaya tsakar rana ya ce shi ba shi ba ne, don ya rufa mini asiri. Mutanensa kuma suka taya shi. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban san lokacin da na ratsa su ba. Na zube a ƙasa na riƙe ƙafarsa, ƙura ta bi atamfar, ɗaurin ya zame.

"Baba, don Allah bari! Lauwali, wannan shi ne ubana. Ƙarya na yi maka, ba dillali ba ne. Mahauci ne, barunje ɗan barunje, ni kuma ɗiyarsa ce. Da wuƙar nan da ka zana aka rene ni, da ita na yi karatun da har ka ji muryata. Tsoro na ji kada ka gudu kamar yadda wani ya gudu. In za ka tafi ka tafi, amma ka tafi ka san ni Fiddausi ta Gajere ce!"

Da ƙarfi na faɗa, har matan da suka fito bakin ƙofa sun ji. Ina kuka, majina da kwalli duk sun haɗu, wannan kwalliyar da na ɓata safiya ina yi ta tashi a banza. Amma wallahi wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba.

"Tashi, kina ɓata tuhwahinki," in ji Baba. Bai taɓa ni ba. Ya juya ga Lauwali. "To, ka ji. Saura kai."

Lauwali ya daɗe yana kallona, ban iya karanta fuskarsa ba. Sai na ga ya sunkuya ya zare takalmansa, ya ajiye su gefe, ya tsuguna a gaban Baba cikin ƙurar nan, irin tsugunon da saurayi ke yi wa surukinsa.

"Baba, ina wuni. Sunana Lauwali, ɗan Malam Umaru na Bakura. Da ma na zo gaishe ka ne, sai na fara da ɓarna." Ya ɗago kai. "Ranar Talata ƙarfe nawa kuke fara aiki? Ina so in zo da takarda da fensir in zauna kusa da teburinka, in ga yadda ake riƙe wuƙar. A cikin abokan Taibatu akwai wadda ban zana ba, ɗiyar rundawa."

Nagode ya ja dogon numfashi ya ce, "Kai, yaron ga!" Wani ya yi dariya, wani ya ce madalla. Yaya Suwaiba daga bakin ƙofa ta saki guɗar da ta fi ta ɗazu. Ni kuwa ina durƙushe ina kuka ina dariya kamar wadda ta zautu.

Baba ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi mutanen Zariya, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya. Sannan ya gyara hularsa.

"Da an sallame asuba muka hwarawa. Ka zo, ƙohwa buɗe take. Layinmu na da wuyar ganewa ga baƙo, amma ga ta nan, ita za ta kawo ka." Sai a lokacin ya sake dubana, idonsa jajir. "In ba ta mance hanya ba."

Ya juya ya tafi, mutanensa a bayansa. Yau kwana biyu ke nan, in na gaishe shi yana amsawa, amma bai ƙara kirana tauraruwa ba. Gobe Talata. Na riga na gaya wa Lauwali ya jira ni a babbar ƙofar kasuwa, kuma ba ta wajen masu tumatir za mu bi ba.